Kyanwar Lami a Cikin Kwalba: Homiyofati da Raunin Mage

 

Na san akwai wanda da ya ji taken laccar nan ya ce a ransa: mutane na fama da tsadar magani, an rasa abin da za a tara jama'a a kai sai ciwon mage? Ban ga laifinsa ba. Sai dai mage ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Ita ke tsare buhunan ɗan kasuwa da rumbun manomi daga ɓera, ba a biyan ta ko sisi. Addini ma bai manta da ita ba, kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta. Ga kuma matasanmu a Kano da Kaduna da Abuja suna sayen maguna 'yan waje masu dogon gashi da kuɗi mai kauri. Ranar da magen ta dawo gida da rauni, waya suke ɗauka su tambayi intanet, kuma cikin amsoshin da ke fara fitowa akwai wasu sunaye masu daɗin ji: Arnica, Calendula, Ledum, Hepar sulph, Silicea. Waɗannan su ne magungunan homiyofati, kuma a kansu zan yi magana.

Da yawa suna ɗauka maganin gargajiya ne na Turawa, irin su bagaruwa da darbejiya a wajenmu. Akwai tazara mai nisa. Wanda ya ƙirƙiro tsarin likita ne Bajamushe, Samuel Hahnemann, an haife shi a garin Meissen a 1755, ya rasu a Faris a 1843. A 1790, yana fassara wani littafin magunguna na likitan Sukotland William Cullen, sai ya gwada shan ɓawon itacen sinkona, wanda daga jikinsa ake samun kwinin. Ya ce ya ji alamu irin na masassarar cizon sauro. Daga nan ya yanke hukunci cewa abin da ke haifar da alamun cuta a jikin mai lafiya shi ne zai warkar da mai wannan cutar. Ya wallafa ra'ayin a 1796, ya kuma fitar da babban littafinsa a 1810.

To amma wasu daga cikin abubuwan da yake amfani da su guba ne, don haka ya shiga sirka su. A ɗauki ɗigo 1 na asalin maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi: wannan shi ne 1C. A ɗebi ɗigo 1 daga ciki a sake sirkawa da 99, ya zama 2C. Kwalbar da aka rubuta wa 30C, wadda ita aka fi sayarwa, an yi mata haka sau 30. Ɗaliban kemistiri ku yi lissafin: kashi ɗaya ne cikin adadin da ke da sifiri 60 a bayansa. Daga 12C an riga an wuce iyakar lambar Avogadro, ma'ana da wuya a sami ko ƙwayar zarra ɗaya ta asalin maganin a ciki. Wanda ya ɗiga ɗigo ɗaya a tekunan duniya gaba ɗaya ya gauraya, haɗinsa ya fi na 13C ƙarfi. Ruwan nan ake ɗigawa a kan 'yan ƙananan ƙwayoyin sukari, su bushe, a zuba a kwalba.

A yi wa Hahnemann adalci. Sai a 1865, bayan mutuwarsa, aka fara ƙiyasta girman ƙwayar zarra. Kuma likitocin zamaninsa tsaga jijiya suke yi su zubar da jinin marar lafiya, su ɗura masa sinadarin makuri. A irin wannan kasuwa, mai ba da ruwa da sukari ya fi su yawan waɗanda suka tashi. Mabiyansa na yau ba su da wannan uzuri, shi ya sa suka koma cewa ruwa yana tuna abin da ya taɓa shiga cikinsa. A 1988 wani masanin Faransa, Jacques Benveniste, ya wallafa bincike a mujallar Nature da ke nuna haka. Editan mujallar, John Maddox, ya je ɗakin gwajin da kansa tare da mutum biyu, aka ɓoye wa masu gwajin wace kwalba ce wace, sai sakamakon ya ɓace.

Yanzu mu zo kan magen. Galibin raunin da ake kai mage asibiti saboda shi cizo ne na 'yar'uwarta, musamman muzurai masu yawon dare suna faɗa kan mace ko kan iyaka. Fiƙar mage siririya ce mai tsini. Tana huda fata ta shige cikin nama, ta bar ƙwayoyin cutar da ke bakin mai cizon, irin su Pasteurella multocida da wasu da ba sa son iska. Ramin da ta bari ƙarami ne, cikin gashi, kafin kwana ɗaya ya rufe. Mai gida ya duba bai ga komai ba. A can ciki kuwa ƙwayoyin sun sami ɗumi da duhu. Bayan kwana 2 zuwa 5 sai ka ga mage ta daina cin abinci, ta lafe a lungu, jiki ya yi zafi, tana ɗingishi, in ka taɓa wani wuri ta yi maka tsawa. Sai kumburi ya taso cike da mugunya. Likitoci har suna iya gane wanda ya tsaya ya yi faɗa da wanda ya ruga: jarumi a fuska da wuya da ƙafar gaba yake samun nasa, matsoraci a gindin wutsiya.

Ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Wannan ƙurji, ko ba a yi masa komai ba, sau da yawa yakan nuna ya fashe da kansa. Mugunya mai wari ta fita, zazzaɓi ya sauka, mage ta nemi abinci. Mai ita kuma yaushe ya fara ba da ƙwayar sukari? Ranar da kumburin ya kai maƙura, don ranar ce hankalinsa ya tashi. Washegari ƙurji ya fashe. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Wannan mutum ba maƙaryaci ba ne in ya rantse maka ya ga aikin maganin, abin da ya gani ya faɗa. Abin da bai gani ba shi ne magen maƙwabcinsa da ba a ba ta komai ba, ita ma nata ya fashe.

Littattafan homiyofati sun ma rufe kowace ƙofa. Hepar sulph, wanda ake yi da ɓawon kawar teku da farar wuta a ƙona su tare, suna cewa in sirkinsa kaɗan ne yana sa ƙurji ya nuna ya fashe, in sirkin ya yi yawa yana hana shi taruwa. Ya fashe, magani ya yi aiki. Ya sace, magani ya yi aiki. Bai yi ko ɗaya ba, ba a dace da maganin da ya yi daidai da halin magen ba, a canza wani. Da'awar da babu sakamakon da zai iya ƙaryata ta, ɗalibai, ba ta shiga ɗakin gwaji ba tukuna.

Hujjar da masu wannan tsari suka fi ji da ita ita ce dabba ba ta san an ba ta magani ba, don haka ba za a ce imani ne ya warkar da ita ba. Haka ne, mage ba ta sani ba. Amma wa ke ba da rahoto? Mai ita. A 2012 Conzemius da Evans sun wallafa bincike a Amurka kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi da aka ba maganin bogi. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan, masu karnukan sun ce an sami sauƙi, likitocin da suka duba ma haka ko fiye, alhali na'urar da ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a ƙafarsa ba ta nuna canjin a zo a gani ba. Mu likitoci da malamai kada mu yi wa mai kare dariya, idonmu ma yana ganin abin da zuciya ke so.

Hukumomin da suka zauna suka tace hujjoji kusan bakinsu ɗaya. Kwamitin kimiyya na majalisar wakilan Birtaniya a 2010, da hukumar binciken lafiya ta Ostareliya a 2015, duk ba su sami ingantacciyar shaida cewa homiyofati ya fi maganin bogi ba. Faransa, inda ake da ɗaya daga manyan kamfanonin yin sa, ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar gwamnati a farkon 2021. A ɓangaren dabbobi, hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Birtaniya ta bayyana a Nuwamba 2017 cewa tsarin ba shi da tushe na kimiyya, kuma bai halatta ya maye gurbin maganin da aka tabbatar ko ya jinkirta shi ba. Ba ta haramta shi ba, ta dai gindaya wannan sharaɗi.

Wani zai ce, tunda sukari ne, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, mene ne abin damuwa? Ƙwayar kanta ba ta kashe mage. Kwanakin da aka ɓata ana jiranta ne ke kashewa. Cizon da aka kai wa likita a ranar farko, aka wanke aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa ba ya ma zama ƙurji. Wanda aka bari yana iya shiga gaɓa ko ƙashi, yana iya tara mugunya a ƙirji har numfashi ya gagara. Ƙurjin da ya fashe da kansa ma yakan rufe baki da sauran mugunya a ciki ya sake tarawa. A zafinmu kuma ga ƙuda, rauni a buɗe kwana biyu sai tsutsa. Sannan a kula, ba duk abin da aka rubuta wa homiyofati ne aka sirka ba. Man shafawa da ruwan asali na Arnica suna ɗauke da sinadarin tsiron sosai, ba a sa su a buɗaɗɗen rauni, kuma mage duk abin da ka shafa mata sai ta lashe.

Zan faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. In aka ba ni zaɓi tsakanin ƙwayar sukari da abin da mutanenmu ke yi wa mage da kyakkyawar niyya, sukarin zan ɗauka. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibufurofen yana lalata mata ciki da ƙoda. Dettol da Izal da danginsu masu sa ruwa ya yi fari kamar madara guba ne a gare ta. Baƙin man mota da ake shafa wa dabbobi a kan gyambo shi ma haka. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa ta farfaɗiya. Waɗannan suna cikin ɗakunanmu a yau, homiyofati kuwa sai an yi odarsa.

Abin da mai mage zai iya yi a gida ba shi da yawa, kuma ba shi da tsada. A naɗe ta da tawul ko zani mai kauri, don mage mai jin zafi ba ta san ubangidanta ba. In jini na zuba a danne da tsumma mai tsabta na 'yan mintuna. A rage gashin da ke kewaye da wurin. A tafasa ruwa rabin lita, wato daidai leda ɗaya ta fiya wata, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, a bari ya huce, a wanke raunin da shi sosai, in akwai sirinji marar allura ya fi. Wannan ya isa ga ƙujewa da ƙaramin yanka. Cizo kuwa, ko rauni mai zurfi, ko na kusa da ido ko gaɓa ko ƙirji, ko magen da ta ƙi abinci kwana guda, na likita ne. Shi zai tsaga ƙurjin ya wanke, ya ba da maganin zafi da ya dace da jikinta. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma asibitocin dabbobi na jihohi. Muzurun da aka dandaƙe yana rage yawo da faɗa, wannan kuma yana rage masa haɗarin ƙwayar FIV, mai karya garkuwar jikin maguna, wadda ta hanyar cizo ta fi yaɗuwa. Ba ta kama ɗan Adam.

Wadda ke kama ɗan Adam ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Amma mage ma tana ɗauka, kuma magen da ta dawo gida da cizon da ba a san mai shi ba, tilas a yi wannan tunanin. A yi mata allurar rigakafi tun tana lafiya. Wanda ta ciza ko ta yakusa yayin yi mata jinya ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun cutar sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Ɗalibai masu shirin zama likitocin dabbobi, roƙona gare ku guda ne. Duk wanda ya kawo muku mage, ku tambaye shi abin da ya riga ya ba ta da ranar da ya fara, kuma ku yi tambayar da sakin fuska. In kuka yi masa tsawa zai ce bai ba ta komai ba, alhali maganin gubar farasitamol, wato asetilsistin, a sa'o'in farko ya fi amfani. Ku rubuta amsar a katin magen, ko sukari ne ko baƙin mai.