Kagara da Lambu: Yawon Hutu a Karkarar Ingila

Zancenmu na yau a kan wata al'ada ce ta mutanen Ingila. Idan lokacin zafinsu ya zo, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, ma'aikaci ya sami hutu, ya kan ɗebi iyalinsa su bar hayaniyar birni su nufi karkara. Cikin abubuwan da su kan je kallo har da gidajen yaƙi na sarakunansu na dā, waɗanda zan kira kagara. Kagara gida ce mai ganuwar dutse da hasumiyoyi da gwalalo kewaye, a zauna cikinta ran lafiya, a tsare kai cikinta ran yaƙi. Suna da yawa a ƙasar, amma biyu kaɗai zan ɗauka, Kenilwat da Warik. Suna tsakiyar Ingila, tsakaninsu kamar mil 5 ne, daga Landan kuwa ba su kai mil 100 ba.

Bari mu fara da Kenilwat. In ka doso ta, abin da za ka fara hangowa kango ne babba na jan dutse, ba rufi, launinsa kamar na jar ƙasarmu. Kada ka raina shi don kango ne. An fara ginin nan wajen shekara ta 1120. In ka duba tarihin Kano za ka tarar zamanin Sarki Gijimasu ke nan, wanda ya fara ganuwar Kano. Ga mutane biyu, ba wanda ya san da ɗan'uwansa, wannan yana tara dutse, wancan yana cura ƙasa, kuma abu ɗaya ne ya sa su aikin, watau tsoron mahara.

Shawarar da zan ba ka ita ce, in ka shiga, ka riƙa duban tagogi. Hasumiyar da ta fi tsufa kaurin bangonta ya kai ƙafa 14, a ƙasanta kuwa akwai 'yar kafa siririya wadda haske ke shiga da ƙyar. Wanda ya gina wannan ba shan iska ya dame shi ba. A farkon shekarun 1200 Sarki Jon ya ƙara ganuwa, ya ɗaga madatsar rafi, har ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗi yana tsare kagarar.

An gwada ƙarfinta a shekara ta 1266. Waɗansu da suka yi wa Sarki Hanri na Uku tawaye suka shige ciki, su wajen 1,200, suka rufe ƙofa. Sarki ya kewaye su tun watan Yuni. Ya kafa manyan majajjawa na katako masu jifa da duwatsu, ganuwa ba ta faɗi ba. Ya sa aka jawo jiragen ruwa ta tudu tun daga wani gari mai nisa don a haye tafkin, wannan ma bai yi ba. Sai a watan Disamba, bayan kusan wata 6, yunwa da cuta suka sa mutanen suka buɗe ƙofa da kansu.

To, matsa gaba kaɗan ka dubi babban zauren da aka gina wajen 1375. Tagoginsa sun fi tsayin mutum nesa. Sa'an nan ka dubi benen da aka ƙara bayan shekara kamar 200, za ka ga rabin bangonsa duk taga ne, dā kuwa gilashi ne cike da su. Wanda ya ke jiran kibiya ba ya huda bangonsa haka. Ko ba a gaya maka ba ka gane hankalin masu gidan ya kwanta, sun koma neman jin daɗi da nuna arziki. Mai wannan bene shi ne Robat Dadli, babban bafaden Sarauniya Elizabet ta Farko. Ita ta ba shi Kenilwat kyauta a 1563. Shi kuwa yana da buri, so ya ke ya aure ta. A watan Yuli na 1575 ta kawo masa ziyara ta yi kwana 19, ba ta taɓa daɗewa haka gidan wani bafade ba. Aka yi ta farauta da kaɗe-kaɗe da wasan wuta bisa tafki. Domin wannan ziyara ya sa aka shirya mata lambu a gindin tsohuwar hasumiya, wajen arewa. Sarauniya ta ci, ta sha, ta yi kallo, ta hau ta tafi. Har ta rasu a 1603 ba ta yi aure ba.

Ku kasa kunne nan, don wannan ya shafe ku, ku da kuka fara riƙe alƙalami. Lambun nan na Sarauniya ne da manyan fadawa, talaka ba ya leƙa shi. Amma cikin 'yan rakiya akwai wani ƙaramin ma'aikaci, Robat Langam, aikinsa tsaron ƙofar ɗakin majalisa. Ran nan Sarauniya ta fita farauta, sai mai kula da lambun, abokinsa ne, ya buɗe masa ƙofa a ɓoye. Ya shiga ya ƙare wa wurin kallo, ya zo ya rubuta wa wani abokinsa a Landan doguwar wasiƙa. Bai ce kawai "na ga lambu mai kyau" ba. Ya faɗi tsayin dakalin da a ke tsayawa a hango lambun, ƙafa 10. Ya ce an raba filin kashi 4 da hanyoyi, kowane kashi da dogon ginshiƙi mai tsini a tsakiya. Ya ambaci furanni masu ƙanshi da itatuwa masu 'ya'ya, da babban kejin tsuntsaye wanda aka yi wa zane kamar an jera duwatsu masu daraja. Ya kwatanta maɓuɓɓugar ruwa ta farin dutse mai kusurwa 8, har ya ce akwai famfon da a kan murɗa ruwa ya tsarto ya jiƙa baƙo don a yi dariya.

Bayan haka aka yi yaƙin basasa tsakanin Sarki Cals na Farko da majalisar ƙasa. Majalisa ta rinjaya, kuma ba ta so wani ya sāke fakewa a Kenilwat. A 1649 da 1650 aka rushe bango ɗaya na tsohuwar hasumiya, aka fasa madatsa, tafki ya tsiyaye ya zama makiyaya. Lambu ya ɓace, ba ko alama. Shekara fiye da 300 suka wuce. Tsakanin 2004 da 2006 masu binciken kayan dā suka tona wurin, suka tarar da harsashin maɓuɓɓugar nan, da kusurwa 8 kamar yadda mai tsaron ƙofa ya rubuta. Da wasiƙarsa a hannu aka sāke shirya lambun, aka ɗauko farin dutse daga Italiya aka sassaƙa maɓuɓɓuga, aka buɗe wa jama'a a 2009. Dadli ya kashe dukiya mai yawa, amma abin da ya tsirar da lambunsa takardar wani bara ce wanda ya iya kallo, ya iya awo, ya iya rubutu. Ku tuna da ƙofofin garuruwanku da sassan ganuwa da damina ke ci kowace shekara. Wa ya auna su ya rubuta?

Warik kuwa ba kango ba ce. Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta a 1068 a bakin kogin Ebon. Da fari tulin ƙasa ne da shingen katako, daga baya aka mai da ita ta dutse. Tulin yana nan har yau, a kan hau shi. Tana da hasumiya mai tsayin ƙafa 128, matakalarta ƙunci gare ta, tana murɗewa kamar dodon koɗi, mai ciwon gwiwa gara ya tsaya ƙasa. Lambunta dabam ne da na Kenilwat. Wajen 1750 aka kira wani gwanin tsara lambu, Lansilot Burawun, shi kuwa ba ya son miƙaƙƙen layi. Ya shimfiɗa ciyawa har bakin kogi, ya dasa itatuwa gungu-gungu, don mai kallo ya zaci haka Allah ya halicci wurin. Akwai ɗawisu suna yawo ciki, ba sa gudun mutane.

Zuriya ɗaya ta riƙe Warik tun daga 1604, amma riƙon irin wannan gida yana cin kuɗi ainun, a 1978 suka sayar wa kamfanin Tussauds. Yanzu wurin nishaɗi ne. Akwai mutum-mutumi na kakin zuma cikin ɗakuna, da wasan shaho, da mahaya masu sulke suna kwaikwayon yaƙi. Yara suna sonta ƙwarai, kuma kuɗin 'yan kallo ne ke gyara rufinta, saboda haka ban ga laifinsu ba. Amma ni, da za a ce in zaɓi ɗaya, Kenilwat zan zaɓa, don can mutum ya kan sami shiru ya yi tunani.

In Allah ya kai ka, ka ba kowace yini guda, kada ka haɗa su rana ɗaya. Ka riƙe rigar ruwa ko da gari ya waye garau, gama ruwan Ingila ba ya sallama. A Kenilwat, tun 2014 an kafa matakala cikin benen Dadli, ka hau ka tsaya daidai tagogin ɗakin Sarauniya. Da la'asar kuma ka fita bayan ganuwa ka bi turbar da ta ratsa makiyaya, inda dā tafki ya ke. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 a watan Yuni, ba ka da gaggawa.