Maraya Mai Tabo a Goshi: Nazarin Halin Harry Potter

 

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani dattijo da nake jin nauyinsa ya tare ni a hanya, ya ce, "Malam, duk littattafan duniya ka rasa wanda za ka tara mutane a kai sai na yaron matsafa?" Na ce masa, "Baba, ka zo ka ji." Ina hango shi can a layi na biyu, saboda haka bari in fara sallamarsa. Hukuncin sihiri a addini sananne ne, kuma babu wanda ya zo nan don ya taɓa shi. Ƙagaggen labari muke nazari, kamar yadda muke nazarin aku mai ba ɗan sarki labari har ya zama waziri a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ba tare da wani ya je kasuwa neman irinsa ba. Ko sunan da za mu kira yaron ma sai an yi hattara. Na ji ana ce masa maye, alhali maye a Hausa mai kama kurwar mutane ne, wannan kuwa bai taɓa lasar kowa ba. Boka ma bai dace ba, don ba ya ba da magani ba ya duba. Mu tsaya a kan ɗalibin makarantar sihiri.

Marubuciyar 'yar Birtaniya ce, J.K. Rowling. Kamfanin Bloomsbury na Landan ya buga littafi na farko a 1997, na bakwai kuma na ƙarshe ya fito a 2007. An sayar da fiye da kwafi miliyan 500, an fassara su cikin harsuna sama da 80, an yi fina-finai takwas tsakanin 2001 da 2011. Yawancinmu ta fim muka san yaron, kuma fim ya yi masa kwaskwarima: ya rage masa fushi da tsiwa. Ni kuwa Harry na cikin littafi zan yi magana a kai.

Abin da nake son tabbatarwa ɗaya ne. Kyawawan halayen yaron nan da munanan halayensa daga saiwa ɗaya suka tsiro, wato maraici da irin riƙon da aka yi masa. Wanda ya jera jarumtarsa a gefe guda, ya jera aibinsa a wani gefen, bai gane shi ba, domin halin da ya sa ya ceci mutane shi ne dai halin da ya jawo mutuwar wanda ya fi ƙauna.

Mu koma gidan da ya tashi. Yana da shekara ɗaya da wata uku wani mugun masihirci, Voldemort, ya kashe iyayensa, ya bar masa tabo a goshi. Aka ajiye shi a bakin ƙofar yayar mahaifiyarsa, Petunia, da mijinta Vernon Dursley. Shekara goma yana kwana a ɗan akurkin da ke ƙarƙashin matakalar bene, tare da gizo-gizo, alhali ɗan gidan, Dudley, ɗakuna biyu gare shi, ɗaya na kwana ɗaya na tarkacen kayan wasansa. Kwancen Dudley yake sawa, gilashin idonsa a ɗaure da salatif. Duk wanda ya taso da tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora ya san wannan gida, kuma wasunmu sun san shi ba a tatsuniya ba, don riƙon ɗan 'yar'uwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mai kyau da marar kyau. Dokar farko ta gidan ita ce kada yaro ya yi tambaya. To, yaron da aka hana tambaya, wanda in ya yi kuka babu mai zuwa, darasi ɗaya yake ɗauka: in ba ni na yi ba, babu mai yi.

Ku dubi abin da wannan darasi ya haifar ta fuskar alheri. Ranar da ya fara shiga jirgin ƙasa zuwa makarantar Hogwarts, yana ɗan shekara 11, karo na farko ke nan da kuɗi suka zauna a aljihunsa. Mai tura keken kayan zaƙi ta zo, ya sayi kowane iri. Yaron da ke zaune a gabansa, Ron Weasley, ɗan gidan talakawa masu 'ya'ya bakwai, ya fito da ɗan burodin da mahaifiyarsa ta ƙunsa masa, kunya ta kama shi. Harry ya tura masa kayan, suka ci tare. Daɗin da ya ji ba na alawar ba ne, na samun abin rabawa ne da kuma wanda za a raba da shi. Kafin jirgin ya tsaya, ɗan masu kuɗi Draco Malfoy ya miƙo masa hannu, ya ce zai nuna masa irin gidajen da ake hulɗa da su. Harry ya ƙi karɓar hannun. Ya san mai raina mutane tun daga nesa, don da irinsa ya tashi gida ɗaya.

Daga nan sauran suka biyo, ba sai na tsaya a kan kowanne ba. Ya 'yanta wani bawa mai suna Dobby da dabarar safa ɗaya. Ya hana a kashe Peter Pettigrew, mutumin da ya ci amanar iyayensa, don kada aminan mahaifinsa su zama masu kisa. A gasar littafi na huɗu ya ɓata lokacinsa a ƙarƙashin ruwa yana ƙoƙarin fito da mutanen da ba shi aka ɗora wa cetonsu ba, kuma kuɗin zinare 1,000 da ya ci ya ba yayyen Ron tagwaye su ja jari. A karatu ba haziƙi ba ne. Sau da yawa aikin gida na abokiyarsa Hermione Granger yake kwafa, kuma a jarrabawar shekara ta biyar darasi ɗaya kacal ya ci da maki mafi girma, na kare kai daga mugun sihiri, ya faɗi biyu. Baiwarsa tana cikin zuciya da saurin yanke shawara idan wuta ta kama. Ko a fagen daga, sihirin da aka san shi da shi na fizge sandar abokin gaba ne, ba na kisa ba, har abokan gabansa suka riƙa gane shi da wannan.

Yanzu mu juya tsabar. Wanda ya saba babu mai zuwa ba ya neman taimako ko da mai taimakon yana tsaye a gabansa. A littafi na biyu, da aka toshe musu hanyar shiga jirgi, shi da Ron suka ɗauki motar uban Ron mai tashi sama suka tafi makaranta, mutanen gari suka gan su, suka ƙare da karo da bishiya. Malama McGonagall ta tambaye su abin da ya hana su aika wasiƙa, tunda Harry yana da mujiyar kai saƙo. Tunanin bai ko zo masa ba. A littafi na biyar, Malama Umbridge ta riƙa sa shi rubutu da alƙalamin da ke yanka bayan hannunsa yana rubutu da jininsa, dare bayan dare. Abokansa suka roƙe shi ya kai ƙara, ya ƙi. Wani zai ce dauriya ce. Ni na ce rabi dauriya, rabi girman kai, kuma shirunsa bai hana matar ta yi wa wasu yara irin haka ba.

Amma kada mu yi masa rashin adalci. Ya gwada manya. A littafi na farko ya je wa McGonagall da maganar cewa za a sace wani dutse da ake gadi, ta kore shi. A na biyu ya je wurin Malam Lockhart don a ceci ƙanwar Ron, ya tarar da shi yana haɗa kaya zai gudu. Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma idan babban ya hango ya yi shiru fa? Shugaban makaranta Dumbledore ya shafe shekara guda yana kauce wa haɗa ido da yaron, yana ɓoye masa abin da ya shafi rayuwarsa, kuma daga baya da bakinsa ya amsa cewa kuskurensa ne.

Wannan ya kawo mu ga wurin da nake so mu daɗe, wato mutuwar Sirius Black, aminin mahaifinsa, wanda iyayen suka ba amanarsa, kuma mutum ɗaya tilo da ya taɓa ce masa ya zo su zauna tare. Harry yana da shekara 15. Yana tsakiyar jarrabawar tarihi barci ya ɗauke shi, ya ga Voldemort yana azabtar da Sirius a Ma'aikatar Sihiri a Landan. An riga an gargaɗe shi cewa abokin gabansa yana iya shiga tunaninsa, har an sa Malam Snape ya koya masa yadda zai toshe ƙofar. Bai mai da hankali ba, don ya tsani malamin, kuma a ransa yana son ganin ƙarshen mafarkin. Darasin ma ya tsaya ne saboda ya leƙa asirin malamin ba da izini ba. Hermione ta tsaya a gabansa ta ce masa wannan tarko ne, an san halinsa na rugawa ceton mutane, da shi za a kama shi. Ya daka mata tsawa. Ya kwashi abokai biyar, duk yara, suka tafi Landan da dare. Babu Sirius a can. Sirius yana gida lafiya lau, sai da ya ji yaron ya faɗa tarko ya fito cetonsa, a nan aka kashe shi.

Ga abin da ya fi ciwo. Watanni kafin wannan, Sirius ya danƙa masa wani ɗan ƙunshi, ya ce ya yi amfani da shi in yana bukatarsa. Harry ya jefa shi ƙasan akwati bai kwance ba, don ya ƙudurta ba zai zama sanadin fitowar Sirius daga maɓoyarsa ba. Bayan an yi rashin, yana haɗa kayan hutu, hannunsa ya taɓo ƙunshin. Ya buɗe, sai ga ɗan madubi da 'yar takarda: in ya kira sunan Sirius a ciki za su ga juna su yi magana. Da ya buɗe tun farko, minti ɗaya ya isa ya san gaskiya. Ya kira sunan, madubi bai nuna masa kowa ba sai fuskarsa, ya jefar da shi ya fashe. Ku lura, ƙauna ce ta hana shi buɗe ƙunshin, ƙauna ce ta ruga da shi Landan. Ba mugun hali ne ya kashe Sirius ba, halin kirki ne da aka bari ba linzami.

Akwai kuma aibin da maraici bai isa ya wanke ba. Yaron yana da riƙo. Tun shekarar farko ya yanke wa Snape hukunci, alhali a lokacin Snape ne ya hana shi faɗowa daga kan tsintsiyarsa mai tashi sama, mai laifin kuwa wani malami ne daban. A littafi na shida ya tsinci wani sihiri rubuce a gefen tsohon littafi, bai san aikinsa ba, ya jefi Draco da shi a banɗaki, jini ya malale, da ƙyar Snape ya ceto ran yaron. A na bakwai ya yi wa wani mugun malami, Amycus Carrow, sihirin azabtarwa wanda doka ta haramta, don mutumin ya tofa wa McGonagall yawu. A nan da marubuciyar nake rigima. Ta shafe littattafai tana nuna mana cewa wannan aikin azzalumai ne, sannan da jaruminta ya aikata sai ta wuce kamar ba a yi komai ba. Tabon yana jikin littafin, ba jikin yaron kaɗai ba.

To, ya sauya? Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma Harry bai daina kutsa kai cikin haɗari ba har ƙarshe. Abin da ya koya shi ne tsayawa. Da Dobby ya mutu wajen cetonsu, ya ɗauki shebur ya haƙa kabarin da hannunsa, ya ƙi amfani da sihiri, kuma a cikin ramin nan ya yanke shawarar ba zai yi tseren neman sandar da ta fi kowace ƙarfi ba, ko da yake ya san Voldemort yana kan hanyar ɗauko ta. Wannan ne karo na farko da ya san inda wuta take ci bai ruga ba. Da ya gane sai ya miƙa ransa za a iya kashe abokin gaban, ya tafi dajin da ƙafarsa, a natse. Da sandar ta zo hannunsa daga ƙarshe, gyara tasa da ta karye kawai ya yi da ita, ya ce a mai da ita kabarin Dumbledore. Ɗansa na biyu kuwa ya raɗa masa sunan Snape, mutumin da ya tsana shekara bakwai.

Ɗalibai, musamman masu sha'awar rubutu, na san da yawanku kuna tsallake littafi na biyar, kuna cewa yaron ya cika faɗa da ihu, har kayan ofishin shugaban makaranta ya farfasa. Shi ne mafi tsawo, shafi 766 a bugun Birtaniya na 2003, kuma a ganina a cikinsa kaɗai aka bar Harry ya yi kuskuren da sihiri bai gyara ba. In hutu ya zo, shi za ku ɗauka ku karanta, ku zo mu yi gardama.

Baba na layi na biyu, ina fata na fita.