Ƙarancin Man Fetur da Matakan Gwamnati: Jawabi ga Jama'ar Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san cewa arzikin garin a bisa taya yake tafiya. A nan ne hanyar Kano ta wajen Azare ta haɗu da ta Bauchi, da ta Gombe, da ta Gashuwa, da kuma wadda ta miƙe zuwa Damaturu da Maiduguri. Kasuwar shanun garin tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kasuwar hatsinta kuwa tana ciyar da garuruwa masu nisa. Amma jirgin ƙasa bai ratso ta Potiskum ba. Layin da ya fito daga Kano a Nguru ya tsaya, wanda ya nufi Maiduguri kuwa ta Buni Yadi ya bi. Saboda haka kowane sa da kowane buhun gero da zai bar garin, mota ce za ta ɗauke shi, ita kuwa mota ba ta motsi sai da mai.

Wannan ne ya sa duk lokacin da mai ya yi wuya a duniya, jama'ar wannan yanki suke jin nauyin abin fiye da mazauna bakin teku. Man da ake sha a nan yana yin tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Legas kafin ya iso gidan mai. Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana irin matakan da gwamnatoci suke ɗauka a irin wannan hali, da abin da kowane mataki ya haifar, domin jama'a su auna da hankalinsu. Matakan iri uku ne: tsayar da farashi, ƙara yawan man da ake samu, da rage yawan man da ake sha. Tarihi ya nuna cewa na farkon shi ya fi daɗin ji, amma idan aka dogara a kansa shi kaɗai, ƙarshensa dogon layi ne da kasuwar bayan fage.

Darasin shekarar 1973

A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Masar da Siriya. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka kuma hana sayar wa Amurka da Holan da waɗansu ƙasashe. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12.

Ƙasashen da abin ya shafa ba su zauna jiran tsammani ba. Holan ta hana fita da motoci a ranakun Lahadi. Amurka ta ƙayyade gudun mota a kan manyan hanyoyi zuwa mil 55 a awa ɗaya a 1974, sa'an nan a 1975 ta kafa babban rumbun ajiyar ɗanyen mai na ƙasa. Faransa ta dukufa gina tashoshin lantarki na nukiliya. Barazil ta fara shirin sarrafa rake ya zama makamashin mota a 1975. Har wa yau, a 1974 ƙasashe masu masana'antu suka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a birnin Faris, wadda ƙa'idarta ita ce kowace ƙasa ta riƙe ajiyar da ta kai yawan man da take shigowa da shi na kwana 90. Abin lura shi ne, duk waɗannan matakai ajiya ce da tsimi da neman madadi. Da juyin juya halin Iran ya sake girgiza kasuwa a 1979, ƙasashen da suka yi wannan shiri sun fi jimrewa.

Yadda abin ya kasance a Nijeriya

Nijeriya mai sayar da mai ce, ta kuma shiga ƙungiyar OPEC tun 1971, don haka tashin farashin ya cika baitulmali. Sai dai kuɗin ya zo da nasa nauyin. Bayan ƙarin albashi na Udoji, wanda aka ba da rahotonsa a 1974, jama'a suka yi ta sayen motoci da babura, buƙatar mai ta haura abin da matata ɗaya tilo ta Fatakwal, wadda aka buɗe a 1965, za ta iya tacewa. Ƙasa mai haƙo mai sai ga ta da layi a gidajen mai.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakai da dama. A 1973 ta tsayar da farashi ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. A 1975 ta kafa Asusun Daidaita Farashin Man Fetur, wanda aikinsa shi ne biyan dillalai kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, domin mutumin Potiskum ya sayi lita a kan kuɗin da mutumin Legas ya saya. A 1977 aka kafa kamfanin NNPC. Aka buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, da ta biyu a Fatakwal a 1989, har ƙarfin matatun ƙasa ya kai ganga 445,000 a rana. Aka kuma shimfiɗa bututu daga Kaduna zuwa ma'ajiyoyin mai na Jos da Gombe da Maiduguri, don a rage wa tankoki nisan tafiya.

Tsarin ya yi ma'ana, amma kulawa ta yi ƙaranci. Matatun suka yi ta lalacewa, ɓarayi suka yi ta fasa bututu, har dakon mai zuwa arewa maso gabas ya koma kan tankoki kacokan. Ƙasa ta wayi gari tana sayar da ɗanyen mai, tana sayo tatacce daga waje da kuɗin ƙetare.

Tallafi da abin da ya haifar

Da yake daga waje ake sayo man, kuma gwamnati ta tsayar da farashi, tilas ta riƙa cike giɓin da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa. Wannan shi ne tallafi. Kyakkyawar niyya ce ta kawo shi, amma yana da illoli uku. Na ɗaya, mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyarsa. Na biyu, tun da man ya fi araha a nan, sai 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa tsallakar da shi zuwa Nijar da Cadi da Kamaru da Jamhuriyar Binin, har ta kai ga a watan Nuwamba na 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Na uku, farashin gwamnati sau da yawa a takarda yake tsayawa. Mazauna jihohi masu nisa sun san yadda gidan mai kan kasance a rufe alhali 'yan bumburutu suna bakin ƙofarsa da jarkoki.

An yi yunƙurin janye tallafin ba sau ɗaya ba. A watan Janairu na 2012 lita ta tashi daga Naira 65 zuwa Naira 141, aka yi zanga-zanga da yajin aiki, aka mai da ita Naira 97. A watan Mayu na 2016 ta koma Naira 145. A watan Agusta na 2021 aka sa hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta tanadi barin kasuwa ta tsayar da farashi, ta kuma narkar da Asusun Daidaita Farashi da waɗansu hukumomi cikin sabuwar hukuma mai suna NMDPRA.

Girgizar 2022 da hukuncin 2023

A watan Fabrairu na 2022 masifu biyu suka haɗu. Aka shigo da gurɓataccen fetur wanda tilas aka janye shi daga kasuwa, layi ya dawo. A cikin watan kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, ganga ta haura dala 100. Man dizal, wanda direbobi ke kira gas, dama ba ya cikin tallafi, don haka ya tashi daga ƙasa da Naira 300 a farkon shekara zuwa kimanin Naira 800 a ƙarshenta. Masu tireloli na Potiskum su ne shaida, domin kuɗin lodin shanu zuwa kudu ya bi sawun gas, haka ma kuɗin dakon fetur ɗin kansa. A wannan shekara tallafin fetur ya cinye fiye da Naira tiriliyan 4.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin a jawabinsa na rantsuwa. Bayan kwana biyu NNPC ta fitar da sabon farashi. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 488 a Legas, Naira 537 a Abuja, da Naira 557 a Damaturu da Maiduguri. Wannan bambanci na Naira 69 tsakanin Legas da Yobe kuɗin nisa ne, wanda a da asusu ke ɗauka. A watan Yuni aka saki darajar Naira, farashi ya ƙara hawa, har a watan Oktoba na 2024 lita ta wuce Naira 1,000 a Abuja.

Hukumar NMDPRA ta bayyana a watan Yuli na 2023 cewa man da ake fitarwa kullum ya sauka daga kimanin lita miliyan 65 zuwa kimanin miliyan 46. Wani ɓangare na wannan ragi na fasa-ƙwauri ne, don kuwa nan da nan farashi ya tashi a kasuwannin maƙwabta. Wani ɓangaren kuma mutane ne suka ajiye motocinsu don abin ya fi ƙarfinsu. Ba za a ɓoye wa jama'a cewa an sha wuya ba. Hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma mai Keke Napep da mai injin niƙa da manomin rani duk sun ɗanɗana.

Matakan sassauci da na dogon zango

Domin rage raɗaɗi, a watan Agusta na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar tallafin Naira biliyan 5 ga kowace jiha don sayen abinci da makamantansu. Ta amince da ƙarin Naira 35,000 a wata na wucin gadi ga ma'aikatanta, da shirin ba magidanta miliyan 15 Naira 25,000 a wata har wata uku. A watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Waɗannan duka maganin zafi ne, ba su ƙara lita ko ɗaya a cikin tanki.

Ta fuskar ƙara samuwar mai, matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, kuma daga Oktoba na wannan shekara gwamnati ta fara sayar mata da ɗanyen mai da Naira. Dokar 2021 ta kuma tanadi ajiyar mai ta ƙasa don ranar ɓacin rana, watau irin darasin da waɗansu suka koya tun 1973.

Ta fuskar rage shan fetur, a 2023 aka kafa shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas da ake kira CNG, wadda ƙasar nan take da ita a yalwace kuma ta fi araha. An rage kuɗin fito da haraji a kan kayan juya injin. Moriyar shirin ga arewa ta rataya a kan isowar iskar kusa, shi ya sa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yake da muhimmanci ga masu sufuri na Yobe.

Abin da ya rage ga jama'a

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai tsimin da babu mai iya yi wa mutum sai shi da kansa. Direban da ya kula da iskar taya, ya sauya matatar iska a kan kari, ya rage gudu, ya kuma daina barin inji yana aiki a tasha, zai ga bambanci a aljihunsa. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa su tsara lodi yadda tirelar da ta kai shanu kudu ba za ta dawo fanko ba. Manoman rani da ke da hali su haɗa kuɗi su sayi famfo mai aiki da hasken rana, domin rana ba ta yanke wa Yobe. Wanda zai juya motarsa zuwa iskar gas ya je wurin da hukuma ta amince, kada ya yarda da tukunyar da aka yi wa walda a bakin hanya.

A guji tara fetur a cikin gida, musamman da hunturu. Idan tanka ta faɗi, a yi nesa da ita. Ranar 15 ga Oktoba, 2024, a garin Majiya na Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu sa'ad da wata tanka ta kama da wuta ana kwasar man da ya malale. Wanda kuma ya ga gidan mai yana ɓoye kaya ko yana tauye mudu, ya kai ƙara ofishin NMDPRA ko wurin hukuma mafi kusa.

Haka nan jama'a suna da haƙƙin tambaya. Bayan janye tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Wajibi ne masu unguwanni da malamai da shugabannin kasuwa su riƙa bin kadin inda kuɗin ya shiga, ko hanya ce, ko asibiti, ko motocin haya masu rahusa. Sai talaka ya ga abin da ya samu a madadin tallafin sa'an nan zai gamsu cewa wahalar da ya sha ba ta tafi a banza ba.

Allah Ya ba ƙasa lafiya da yalwar arziki, amin.