Kirsimeti da Rumbun Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen shekara na ƙungiya)



Kwamitin shirya wannan taro ne ya nemi mu, mu 'yan ƙungiya mabiya addinin Kirista, mu ce wani abu game da bikin Kirsimeti da ke tafe. Mun san mu kaɗan ne a wannan zaure, kamar yadda muke kaɗan a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu baki ɗaya, don haka mun gode da wannan karamci. Amma duk wanda ya cire Kirsimeti daga cikin maganarmu ya sa Sallah a gurbinta, zai ga rigar ta zauna masa daidai.

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama, sai mu mazauna birni mu fara haramar zuwa gida. A shiga Kantin Kwari a yanko atamfa da leshi da shadda, a fitar da anko, a yi ta rigima da tela har daren tafiya. A cika bayan mota da shinkafa da lemo, a biyo ta Wudil, a wuce Kwanar Huguma, a ratsa Birnin Kudu, a shigo Sara ana danna oda domin unguwa ta san an iso. Ba mu ce zuwa gida laifi ba ne. Zumunta a ƙafa take. Abin da ya dame mu shi ne abin da muke bari a baya ranar da muka juya.

Mu duba lokacin da bikin yake faɗowa. Disamba ƙarshen kaka ne. Gero da dawa sun shiga rumbu, an kaɗe riɗi, an ɓare zoɓo, kuma a lokacin ne hatsi ya fi araha a duk shekara, domin kowa kai wa kasuwa yake yi. Ɗan'uwanmu da ke gida ya ga 'ya'yanmu sun sauko daga mota da sababbin kaya tun daga hula har takalmi. 'Ya'yansa sun gani, mai ɗakinsa ma ta gani. Ba wanda zai ce masa uffan, amma ranar kasuwa sai ka gan shi ya ɗora buhu biyu ko uku a amalanke ya nufi kasuwar Sara. 'Yan sari su saya a farashin kaka, su loda, wani hatsin ya ƙare a rumbunan ajiya na Dawanau. Idan damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, ga noma ga rumbu ya yi ƙasa, sai wannan bawan Allah ya koma kasuwa yana awon tiya-tiya da tsada, hatsin da shi ya noma da hannunsa. A lokacin ne wayarmu take ƙara a birni, mu kuma mu ɗauka muna tsaki, muna cewa mutanen gida ba su iya tattali ba. Alhali mu muka kaɗa gangar da ya taka.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da kowa a nan ya ji a jikinsa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024, amma wanda ya riƙe gida ya san iyakar inda wannan kuɗi yake kaiwa. Kiɗa ya canza, rawarmu ba ta canza ba. Wani ya kwashi adashinsa tun Nuwamba, wani ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, wani kuma ya faɗa hannun masu ba da rance ta waya, waɗanda idan ka makara da biya sai su bi lambobin danginka da surukanka suna tallar sunanka. Ga Janairu tana jira a bakin ƙofa da kuɗin makaranta na zango na biyu. Kayan aro ba ya rufe katara.

To, bikin wa muke yi? Linjilar Luka ta ba mu labari cewa an haifi Yesu Almasihu a Baitalami, a bakin tafiya, aka kwantar da shi a komin dabbobi domin ba a sami wuri a masauki ba. Wannan kowane yaron makarantar Lahadi ya san shi. Akwai kuma wani abu a cikin sura ta 2 da ba mu cika tsayawa a kansa ba. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali a Urushalima, hadayar da aka ambata ta tsuntsaye biyu ce, kurciyoyi ko 'yan tattabaru. A Littafin Firistoci, sura ta 12, ɗan rago aka shar'anta wa macen da ta haihu, tsuntsaye biyu kuwa rangwame ne ga wadda ba ta da halin rago. Ashe gidan da Allah ya zaɓa gida ne da bai iya sayen rago ba, kuma ba su ci bashi domin a gan su da rago ba. Sun kai abin da suke da hali, aka karɓa. 'Yan'uwanmu Musulmi sun fi mu sanin wannan hukunci a wajen layya, cewa a kan mai iko take.

Har dattijon nan mai jar riga da farin gemu da ake kafawa a ƙofar manyan kantuna, asalinsa ba ɗan talla ba ne. Sunansa ya samo tushe daga Nikolas, bishop na garin Mira a ƙarni na 4, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Abin da aka fi tunawa da shi, bisa ga labarin da aka gada, shi ne wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su. Nikolas ya riƙa zuwa da dare a ɓoye yana jefa masa ƙullin zinariya, domin kada a san mai kyautar. A namu harshen, kayan ɗaki ya yi wa 'ya'yan wani ba tare da ya kunyata ubansu ba. Mutumin da ya ɓoye hannunsa, shi 'yan kasuwar Turai da Amurka suka mayar alamar saye da nunawa.

Manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Filibi wasiƙa yana tsare, ya shaida musu cewa ya ɗanɗani ƙoshi ya ɗanɗani yunwa, kuma wadar zuci koyonta ya yi. Wannan kalma ta koyo ita ta ba mu ƙarfin gwiwa. Da halitta ce, da sai mu ce ba a yi mu da ita ba. Abin koyo kuwa ana fara shi ne da kaɗan, ana kuskure, ana sakewa. Kuma ba rowa ake nufi ba. Almasihu ya ba da misalin wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya domin ya ci shi kaɗai, a daren aka karɓi ransa. Yusufu ɗan Yakubu shi ma ya tara hatsi a Masar shekara bakwai, aka yabe shi, domin nasa tarin ya ciyar da jama'a ne a shekarun yunwa. Rumbu ɗaya ne, niyya ce ta bambanta.

Kada a fita daga nan a ce mun hana yara sabon kaya, ko mun hana dafa shinkafa da kaza. Telan da ke ɗinkin ɗan'uwanmu ne, mai kaji ma haka. Kwanukan abincin da muke aika wa maƙwabtanmu Musulmi ranar Kirsimeti, su kuma su aiko mana da nama ranar Sallah, wannan ko kusa kada a taɓa shi. Ya riƙe zaman lafiyar unguwanninmu fiye da jawabai da yawa, har da wannan.

Roƙonmu ga 'yan'uwa Kirista shi ne, bana kowa ya ware kuɗin makarantar Janairu tukuna, abin da ya saura shi ne kuɗin biki. Iyayenmu na Zumuntar Mata, muna roƙo da ladabi a ɗaga anko na shekara ɗaya, a shiga sujada da abin da ke cikin akwati. Wanda kuma Allah ya hore wa, kafin ya sauke tsaraba ya fara shiga ya gai da ɗan'uwansa, ya tambaye shi a keɓe buhu nawa ya rage a rumbu.

Ga ƙungiya kuwa, muna kawo shawara guda. A buɗe asusun hatsi, kowane reshe ya sa abin da ya sawwaƙa, a sayi gero da dawa yanzu da kaka daga hannun manomanmu, a ajiye a wurin amintattu biyu, Musulmi ɗaya Kirista ɗaya, a fitar a watan Agusta a sayar wa mutanen gari a kan kuɗin da aka saya. Mu da muka tsaya a nan mun riga mun haɗa namu, kuɗin da muka yi niyyar yanko anko da shi ne, yana hannun Ma'aji. Muna roƙon Shugaba ya sa maganar a cikin ajanda kafin a tashi cin abinci.