Shagalin Sallah da Lafiyar Zuciya: Zumunta a Ƙafa Take

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ƙara maka nasara. Dagatai da masu unguwanni. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban wannan ƙungiya mai albarka da 'yan majalisarsa. Iyayenmu maza da mata. 'Yan uwa na gida da waɗanda suka taso daga nesa. Muna godiya ga Allah da ya sake haɗa fuskokinmu, muna kuma godiya ga shugabanni da suka ba mu dama mu yi tsokaci a kan abin da ya shafi kowane gida, wato yadda za mu sha shagalin Sallah ba tare da mun cutar da zukatanmu ba.

Jama'a, zuciya tsoka ce wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana bugawa kamar sau 100,000 a kowace rana, ba hutun Juma'a, ba na Sallah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun hallaka mutum kusan miliyan 18, wato kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukkan mace-macen duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mamata kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke, irin tamu. Saboda haka maganar cewa hawan jini ciwon attajiran birni ne ba ta da tushe. Kowa a nan ya san gidan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mai ciyar da shi, gona ta koma hannun yara, aka sayar da ɗan abin kiwo aka sayi magani.

Kakanninmu na wannan yanki, daga Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa har zuwa Bichi da Kunchi da Tsanyawa, ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwar tasu gaba ɗaya motsi ce. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin ta ta huta, sai dai a ciyar da ita. Da rani a yi sharar gona, a kai taki a kan jaki, mai jakin yana biye a ƙasa. Da damina ga shuka, ga noman firi, ga maimai, ga huɗa. Da kaka ga girbi da ɗauri da dako. Iyayenmu mata kuwa suna kan sussuka da surfe da daka da niƙa da jan guga. Yau babur ya karɓi aikin ƙafa, inji ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa, feshi ya rage aikin fartanya. Ba mu ƙi wannan sauƙi ba, ni'ima ce. Sai dai cin namu ya ƙaru, gumin ya ragu, jiki kuwa ba ya yafe irin wannan bashi.

Tun a 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin haya masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke yini a ciki, amma direba a zaune yake, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Dalili shi ne, idan mutum yana motsi zuciya na ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini na saki, hawan jini na sauka, tsokoki kuma na zuƙe sukarin da ke yawo a cikin jini. Idan ya zauna, sai kitse ya taru, teɓa ta fito, hanyoyin jini su ƙuntata.

To, ina ruwan Sallah da wannan? Ruwanta shi ne, a kwanakinta ne abubuwa uku suke haɗuwa: yawan ci, yawan zama, da sakaci da magani. Da Ƙaramar Sallah mukan fito daga azumi mu afka wa tuwon Sallah da waina da funkaso, mu bi da cincin da alkaki da lemon kwalba. Da Babbar Sallah kuwa soyayyen nama ne safe da yamma, da kitse da kayan ciki da kai da ƙafa, ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano an zuba ba awo, wani gidan har mako biyu ana ci. Alhali gishirin da masana suka yarje wa baligi a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin miya da yaji. Bayan an ci kuma sai a baje a zaure ko a gindin darbejiya ana hira har magariba. Mu da muke zuwa daga birni mun fi kowa wannan hali: ƙofar gidan da ba ta fi taku ɗari biyu ba, sai mun tayar da mota.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a ƙa'idojinta na 2020 ba mai wuya ba ne. Baligi ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako yana motsi matsakaici, yaro kuwa minti 60 a kullum. Minti 150 na nufin rabin sa'a sau biyar a mako. Motsi matsakaici kuma shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga, jiki ya yi ɗumi, amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa. Ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Minti goma nan, minti goma can, duk lissafi ne.

Alhamdu lillahi, al'adarmu da addininmu sun riga sun share mana hanya. Malamai sun karantar da mu cewa an so a tafi Idi a ƙasa ga mai iko, a kuma dawo ta wata hanyar dabam. Hausawa kuma suka ce zumunta a ƙafa take. Mu ɗauki wannan karin magana yadda yake. Gaisuwar Sallah a cikin gari da unguwannin kusa mu yi ta a ƙasa. Rabon naman layya, maigida ya ɗauki kaso ya kai da kansa, kada a bar wa yara kawai. Bayan an ci abinci mai nauyi, a tashi a ɗan taka na minti goma ko sha biyar kafin a kishingiɗa, musamman mai ciwon suga. Wanda ya zo daga birni ya zagaya gonar gidansu, ya ga iyakarta da idonsa.

Iyayenmu mata da 'yan uwanmu na cikin gida su ne suka fi kowa wahalar Sallah, amma yini a kan kujera 'yar tsugunno gaban murhu gajiya ce, ba motsi ba. A riƙa miƙewa ana zagaya tsakar gida, mazaje kuma su ba da dama a je gaishe-gaishe a ƙasa da yamma. Yara a bar su su yi langa da gaɗa da ƙwallo, kada waya ta cinye musu hutun.

Sai dai akwai hattara. A shekarun nan Sallah tana faɗowa cikin zafi: a 2025 Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, Babba kuma a farkon Yuni, tana kuma matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Don haka a yi tafiya bayan asuba ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai. Wanda ya shekara bai yi gudu ba, kada ya tuɓe riga ya faɗa ƙwallon Sallah da samari don a ce da sauransa. A fara da kaɗan. Duk wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko jiri, ko ya ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, to a garzaya da shi asibiti nan take, kada a ce sai an gama Sallah. Mai shan maganin hawan jini kuma kada ya ajiye shi don yana jin garau, domin ciwo ne da yakan yi ɓarna shiru. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, idan ya maimaitu, magana ce ta ganin likita.

Daga ƙarshe, muna miƙa wa ƙungiya shawarwari huɗu. Na farko, a tsayar da washegarin kowace Sallah a matsayin ranar tattakin zumunci, a taru bayan asuba a zaga gari, dattawa a gaba. Na biyu, a haɗa da aikin gayya, kamar yashe magudanan ruwa da gyaran maƙabarta da dashen itatuwa, mu sami lada mu sami lafiya. Na uku, 'ya'yan ƙungiya ma'aikatan lafiya su zo da na'urar awon jini, a auna duk mai so kyauta, a tura wanda ya kamata asibiti. Na huɗu, mu roƙi iyayen ƙasa su tsare mana filayen wasan yara da na makarantu, kada a yanka su a sayar.

Ƙungiya takan gina aji, ta haƙa rijiya, ta gyara hanya, amma duk waɗannan masu lafiya ne suke yin su, su ne kuma suke cin moriyarsu. Rigakafi ya fi magani, wannan rigakafin kuwa ko kwabo ba a biya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya maimaita mana, ya mai da kowa gidansa lafiya.