KIFIFIYA A GIDA AMANA CE, BA ABIN WASAN YARA BA

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a Sabon Gari, cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, a darasin kiwon lafiya da tsabtar muhalli. An buga shi domin amfanin masu karatu na birni da karkara.

 

Maganar yau a kan wata 'yar dabba ce da kowa ya sani, amma ba kowa ya san haƙƙinta ba, wato kififiya, wadda wasu ke kira kunkurun ruwa. Da zarar damina ta kankama, ruwa ya cika kududdufai da lambatu, akan ci karo da ita a hannun yara, sun ɗaure mata ƙafa da zare suna ja. Wani lokaci kuma masunta ne ke kamo ta a koma, daga kogin Wudil ko madatsar ruwa ta Tiga, ta biyo kifi zuwa kasuwa. Sai wani mai tausayi ya gani, ya ba da 'yan kuɗi ya karɓe ta, ya kai gida ya jefa a bokiti. Niyyarsa mai kyau ce. To amma bayan 'yan makonni sai kififiya ta mutu, ko kuma ƙaramin yaro a gidan ya kama gudawa, ba a san mafari ba. Ceto aiki ne na lada, sai dai yana bukatar sani.

A FARA SANIN ABIN DA AKA TSINTA

Abu na farko shi ne a bambance kunkurun tudu da kififiya. Kunkurun tudu bayansa a tashe yake kamar an kifa ƙwarya, ƙafafunsa gajeru masu kauri. Ciyawa da ganye yake ci, kuma bai iya iyo ba. Wanda ya jefa shi cikin ruwa mai zurfi da sunan taimako, to ya hallaka shi. Ita kuwa kififiya bayanta a kwance yake, akwai fata tsakanin yatsunta kamar ta agwagwa.

Ita ma kififiyar iri-iri ce. Wadda aka fi gani a kududdufai tana da ƙoƙo mai tauri, launin laka, tsawonta bai cika wuce inci 8 ba. Idan ta tsorata takan lanƙwasa wuyanta gefe guda ta ɓoye kai, ta saki wani ruwa mai wari. Da rani, idan kududdufi ya ƙafe, sai ta binne kanta cikin taɓo ta kwanta har ruwan sama ya sauka. Sa'an nan ta fito ta yi tafiyar ƙasa tana neman ruwa. A cikin wannan tafiya ce yara suke tsintar ta. Wato sau da yawa kififiyar da aka gani a hanya ba ɓata ta yi ba, tafiyarta take yi.

Akwai kuma ta manyan koguna, mai laushin baya kamar fata, da dogon wuya da tsinin hanci. Wani irinta kan girma har tsawon bayanta ya kusa ƙafa 3. Tana da saurin cizo, kuma ba ta zama a baho. Wannan ba ta gida ba ce sam.

DALILIN DA YA SA SUKE SHIGA HANNUN MUTANE

Dattawan Fagge sun san lokacin da kududdufai suke da yawa a Kano. An cike da dama daga cikinsu da shara, an yi gini a kai. Kogin Jakara kuma, wanda ya ratso ta Kurmi da Fagge ya bi ta gefen Sabon Gari, ya zama matattarar ruwan kwata. A can gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, kafin su zuba a madatsar Wasai cikin Ƙaramar Hukumar Minjibir. Dabbar da aka rushe wa gida, dole ta fito fili.

Wannan matsala ba ta Kano kaɗai ba ce. Akwai wata babbar kififiya mai laushin baya da a da ake samu daga Gana da Nijeriya har Sudan. Ta yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu, har masana suka yi shekaru ba su sa ta a ido ba, sai a 2017 aka sake gano ta a kogin Nilu cikin Sudan ta Kudu. Tun 1973 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar CITES a birnin Washington domin sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya tana ciki. A taron da aka yi a Johannesburg a 2016 an sanya kififiyar Afirka mai laushin baya cikin jerin dabbobin da ba a fitar da su waje sai da takardar izni. A nan gida, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 a 1985 don kare namun dajin da ke neman ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara yawan tara.

Saboda haka mai son ceto ya lura da abu guda. Duk wanda ya saba sayen kififiya a hannun yara ko 'yan kasuwa, ya koya musu cewa akwai kuɗi a kamunta. Gobe za su kamo biyu. Nasiha da lallashi sun fi ciniki.

MAYARWA TA FI RIƘO

Idan kififiyar lafiyarta ƙalau, idonta a buɗe, tana motsi da ƙarfi, babu rauni, to mafi alheri shi ne a mayar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. A kai ta tafki ko fadama mafi kusa da inda aka same ta, mai tsabtataccen ruwa da ciyayi. A ajiye ta a bakin ruwa ta shiga da kanta. Kada a zuba ta a kwata, kada kuma a jefa ta daga kan gada.

Wadda ta cancanci riƙo ita ce mai rauni: wadda mota ta fasa wa ƙoƙo, ko ta haɗiye ƙugiya, ko zare ya yanke mata ƙafa. A wanke raunin da ruwa mai tsabta, a ajiye ta a inuwa kan tsumma mai danshi, a rufe da raga saboda ƙuda, a kai ta asibitin dabbobi. Kada a ja zaren ƙugiya da ƙarfi, kada a zuba mata kananzir ko baƙin mai. Wanda ya sami babba, ko irin da bai gane ba, ya nemi shawarar malaman daji ko ma'aikatan Gidan Zoo na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako.

Akwai wata ɗabi'a da ya wajaba a bari, wato huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya. Mutane suna zaton ƙoƙon kamar farce ne. Alhali ƙashi ne mai rai, haƙarƙarin dabbar ne da ƙashin bayanta suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki. Tana jin zafi, bakin faɗa ne ba ta da shi. Haka nan shafa masa fenti yana cutar da ita.

ABUBUWA HUƊU DA TAKE BUKATA

Wanda riƙo ya kama shi, ga abin da zai tanada.

Na ɗaya, ruwa da fili. Bokiti ya yi kaɗan. A sami babban baho ko rabin duron roba wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko mai a ciki ba. Zurfin ruwan ya kai yadda za ta iya juyawa idan ta kife, kuma ta iya miƙo hanci sama ba wahala. Kififiya da huhu take numfashi kamar mutum, don haka idan ta maƙale a ƙarƙashin ruwa takan mutu. Idan ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba mata. A riƙa canja ruwan duk bayan kwana 2 ko 3. Wannan ya kare ta daga ciwon ido da ruɓewar ƙoƙo, ya kuma kare gida daga sauro, domin ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kamar kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ke kwance.

Na biyu, rana da inuwa. Jikin kififiya ba ya ɗumama kansa, da rana take samun ɗumi. Hasken rana ne kuma ke taimakon jikinta ya ƙarfafa ƙashi. Wadda aka kulle a ɗaki mai duhu, ƙoƙonta yakan yi laushi ya karkace. A sa dutse ko katako a gefe guda na bahon, inda za ta hau ta bushe sarai. A ajiye bahon inda hantsi ke taɓa rabinsa, rabi kuma yana inuwa. Zafin bazara na Kano yana iya dafa ta a cikin baho idan babu inuwa. Da hunturu kuwa takan rage ci da motsi, sai a matsar da ita inda iska ba ta bugu.

Na uku, abinci. Kififiyar kududdufi nama take ci: tana, fara, shinge, talibambam, ƙananan kifi da ƙayarsu, da dodon koɗi. A cikin ruwa take cin abinci. Tuwo da burodi da soyayyen abu mai gishiri da yaji ba cimarta ba ne. Kada a ba ta ƙwarin da aka kashe da feshi. Ƙarama takan ci kullum, babba kuwa sau ɗaya a kwana 2 ko 3 ya isa, gwargwadon girman kanta. A kwashe saura kada ya ɓata ruwa.

Na huɗu, tsaro. A rufe bahon da ragar waya saboda gafiya da kare da shirwa. A hana yara ɗaga ta suna wurgi. Kififiya ba mage ba ce, ba ta son shafa.

LAFIYAR IYALI

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar iyaye mata. Kififiya da kunkuru da ƙadangare sukan ɗauki wata ƙwayar cuta a hanjinsu mai suna salmonela. Ita dabbar ba ta nuna alamar ciwo, amma ƙwayar tana fita cikin kashinta, ta zauna a ruwan da kuma jikinta. Idan ta shiga bakin mutum takan kawo gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki, daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan kamuwa. Ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 illa, da tsofaffi, da masu fama da wani ciwon. A Amurka abin ya yi yawa a tsakanin yara, har a 1975 gwamnati ta hana sayar da duk kunkurun da tsawon bayansa bai kai inci 4 ba, saboda ƙananan su ne yara ke kai wa baki.

A Sabon Gari, inda iyalai da yawa ke zaune a gidan haya guda, tsakar gida ɗaya, famfo ko rijiya ɗaya, sakacin mutum ɗaya yana iya kwantar da 'ya'yan maƙwabta. Saboda haka:

1. Kada a saka kififiya a rijiya, ko randa, ko tankin ruwan sha. Masu cewa tana tsabtace ruwa sun manta cewa a cikin ruwan take kashi.
2. Duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu nan take.
3. Bahonta nata ne ita kaɗai. Ba a wanke-wanke ko wankan yara a ciki.
4. A zubar da tsohon ruwanta a masai, nesa da madafa da wurin alwala.
5. Gidan da ke da jariri ko mai rarrafe ya haƙura da riƙonta.
6. Yaron da ya kama gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita cewa akwai kififiya a gidan.

Rigakafi ya fi magani.

KAMMALAWA

Mazauna Sabon Gari sun fito daga sassa daban-daban, kuma kowa ya san kunkuru a tatsuniya. Yarabawa suna ce masa Ijapa, Ibo suna ce masa Mbe, duk sun ba shi matsayin wayo irin wanda Hausawa suka ba Gizo. Amma a zahiri shi da 'yar'uwarsa ta ruwa ba su da wata dabara a gaban ɗan Adam sai ɓoye kai. Bahaushe ya ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa.

Malamai sun karantar da labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma karantar da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Darasin a fili yake. Wanda ya tsare dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa.

Kififiya tana iya rayuwa shekara 20 ko fiye. Mai niyyar riƙo ya tambayi kansa ko zai iya canja ruwa da neman tana har tsawon wannan lokaci, da wanda zai bar wa idan tafiya ta kama shi. Idan amsar ba ta gamsar ba, to ya yi jinyarta har ta warke, ya jira damina, ya kai ta ruwa ya sake ta. Ladansa yana nan.

Ana roƙon kowane ɗalibi ya karanta wa iyalinsa wannan bayani, musamman yara maza masu zuwa kududdufi. Allah Ya ba da ikon riƙon amana, Ya ƙara wa kowa lafiya. Wassalamu alaikum.