Gwajin ido a gida: takarda ɗaya da ke iya tsirar da ganin dattijo



Maganar yau ta shafi wata cuta ta ido wadda ke zuwa da yawan shekaru, ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Da Faransanci likitoci na taƙaita sunanta da DMLA. Da Hausa ana iya ce mata lalacewar tsakiyar gani ta tsufa. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2014 ya nuna masu ita a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040. Ta fi yawa ga Turawa, amma baƙar fata ma ba ta tsira ba. A ƙasarmu an fi sanin yanar ido da amodari da hawan jinin ido, shi ya sa wannan cuta ke fakewa a bayansu, dattijo ya yi ta jiran aikin yana alhali matsalarsa tana can wani wuri dabam.

A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ake kira retina, wanda hoton duk abin da aka kalla ke sauka a kansa. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, sunansa makula. Da wannan ɗan wuri ne ɗan kasuwa ke karanta lambobin kundin bashinsa, ma'aikaci ke duba takarda kafin ya sa hannu, malami ke bin wasulan Alƙur'ani, tsohuwa ke zura zare a allura. Sauran tantanin na gefe shi ke nuna ma mutum hanya da motsin abin da ke kewaye da shi. To idan makula ta lalace, mutum ba ya makancewa ɗungurungum. Yana iya tafiya masallaci ba ɗan jagora, amma in ya haɗu da amininsa na shekara talatin sai ya ga rawani ya ga riga, fuskar kuwa ta zama duhu.

Cutar iri biyu ce. Ta farko ita ce busasshiya, wadda ta kai kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na masu fama. Wasu ƴan ɗigo-ɗigo rawaya ne ke taruwa ƙarƙashin makula, tana sirancewa sannu a hankali cikin shekaru. Ta biyu ita ce jiƙaƙƙiya. A nan wasu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa ƙarƙashin makula, suna yoyon ruwa da jini, wurin ya kumbura. Ita ce mafi ƙaranci, ita ce kuma mafi ɓarna, domin tana iya cinye tsakiyar gani cikin makwanni, ta bar tabo wanda ba ya gogewa. Busasshiya kuma na iya rikiɗa ta koma jiƙaƙƙiya ba sallama.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne Allah ya yi ɗan Adam da ido biyu. Sau da yawa cutar na fara kama ɗaya, ɗayan lafiyayye ya rufa masa asiri, ƙwaƙwalwa ta cike giɓin. Mutum ya yi watanni yana harkokinsa bai sani ba, sai ranar da ƙura ta faɗa a idon mai lafiya ya rufe shi, sannan ya tarar ɗayan ya riga ya tafi. Don haka tushen gwajin gida guda ne: a gwada ido ɗaya-ɗaya, kowane a rufe ɗan'uwansa.

Wani likitan ido ɗan ƙasar Suwis mai suna Marc Amsler ya fito da kayan gwajin a shekarun 1940, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Murabba'i ne mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, an raba shi ƙananan gidaje 400, ishirin a tsaye ishirin a kwance, kowane gida milimita 5, da baƙin ɗigo a tsakiya. Duk wanda ya taɓa saya ma yaronsa kayan lakkol ya san wannan awo, domin shi ne na littafin rubutu mai ƙananan gidaje da ake sayarwa a kowace kasuwa daga Tawa har Damagaram. Sai a yago shafi ɗaya, a ƙirga gida 20 kowane ɓangare, a bi layukan da baƙin alƙalami don su fito sosai, a ɗiga tsakiya. Kayan aiki ya kammala.

Ga yadda ake yi. Mutum ya zauna inda haske ya wadata. In yana amfani da tabarau na karatu, ya sa shi. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa kamar santimita 30, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danne shi ba, ya kafa ɗayan a kan ɗigon tsakiya, kada ya bar shi ya yi yawo. Yana kallon ɗigon, sai ya tambayi kansa: kusurwoyi huɗu duk suna nan? Layukan a miƙe suke, ko wasu sun lanƙwashe kamar igiyar shanya? Gidajen girmansu ɗaya? Akwai wurin da ya dushe, ko ya yi baƙi, ko ya ɓace? Sannan ya juya ga ɗaya idon. Dukan aikin bai kai minti biyu ba. Wanda ya haura 50 ya riƙa yi aƙalla sau ɗaya a mako. Wanda likita ya riga ya ce yana da busasshiya ya yi kullum. Yana da kyau kowane ido ya samu takardarsa, a zagaye wurin da aka ga ya sāke, a rubuta kwanan wata, domin wannan shi ne shaidar da za a kai ma likita. Ko ba takarda, bakin ƙofa da sandar wutar lantarki da layin bulo duk suna iya tona asirin cutar in an kalle su da ido ɗaya.

Wanda ya ga sabuwar lanƙwasa ko sabon duhu, ya nemi likitan ido cikin kwanaki. Kada ya ce sai bayan kasuwar mako, ko sai albashi ya fito. Dalilin gaggawar shi ne jiƙaƙƙiya tana da magani, irin Lucentis da Amurka ta amince da shi a 2006: allura ce da ake yi cikin ƙwayar ido bayan an kashe zafin wurin, tana tsayar da waɗancan jijiyoyi masu yoyo. Akwai Eylea da ya fito a 2011, akwai kuma Avastin wanda ya fi araha. Galibi ana farawa da allura ɗaya kowane wata har sau uku, sannan likita ya tsara tazara. Allurar na kare abin da ya rage, wani lokaci ta maido da wani abu, amma ba ta rayar da wurin da ya zama tabo. Tun ran gini ake zane. Haka nan mai ciwon suga da ya ga layukan sun karkace ya hanzarta, domin suga ma na kumbura makula.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar wannan takarda. Ba ta kama kowace lalacewa ba, kuma hawan jinin ido, wanda ke fara cin gani daga gefe, yana iya wuce ta ba ta sani ba. Saboda haka duba ido a asibiti sau ɗaya a shekara yana nan daram, musamman ga wanda iyayensa ko ƴan'uwansa suka yi cutar. Mai shan taba ya sani haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha aƙalla sau biyu, kuma barinta shi ne babban rigakafin da ke hannun mutum. A kula da hawan jini, a yawaita ganye irin zogale da alayyaho, a ci kifi. Masu taɓa ido da tsinke a gargajiyance kuwa, a nisance su: cutar tana can bayan ido inda tsinke ba ya kaiwa, sai dai ya ƙara wata ɓarnar.

Saura magana ga hukuma. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar makantar kogi, abin da ya nuna in an dage ana iyawa. Amma takardar gwaji ba ta da amfani ga dattijon ƙauye in ya ga lanƙwasa bai samu inda za a duba bayan idonsa ba sai ya yi doguwar tafiya zuwa Yamai, ko ya ƙetara Kano. Ya kamata kowane babban asibitin jiha ya samu na'urar ɗaukar hoton makula da allurar da talaka zai iya saye, a kuma manna wannan murabba'i a bangon kowane ɗakin shan magani.

Kafin nan, kowa ya koma gida ya zana takarda biyu, ya fara da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, sannan ya gwada kansa. Allah ya bar mu da ganinmu har ƙarshen rayuwa.